Masu Zuwa Kallon Beyar a Alaska, Ku San Dabbar da Kuke Kallo

Wani bidiyo ya yawata a Facebook da WhatsApp: manyan beyar masu ruwan ƙasa sun jeru a bakin gangaren ruwa, kifi na tsalle yana faɗawa bakinsu, ga mutane can gefe suna ɗaukar hoto hankali kwance. Wurin shi ne Brooks Falls, cikin gandun dajin Katmai a jihar Alaska ta Amurka, inda aka ƙiyasta akwai beyar kusan 2,200. Mai kallon bidiyon sai ya ɗauka dabbobin sun zama na gida. Wannan zaton shi ne babban haɗarin tafiyar. Natsuwar da ake gani a hoton, ƙoshi ne ya kawo ta, doka kuma ta tsare ta.

A watan Yuli kifin salmon yakan taso daga teku ya cika kogin Brooks zai je ya yi ƙwai. Beyar da ke samun kifi iya cikinta ba ta da lokacin mutum, har 'yan uwanta ma takan haƙura da su a kusa, alhali a ɗabi'arta ita kaɗai take yawo. Amma jikinta bai canza ba. Babban namiji kan wuce kilo 450, kuma duk da wannan nauyi yana iya gudun da ya haura kilomita 50 a awa, saboda haka gudu ba dabara ba ce, tsokanar ta ne ta biyo ka. Ga shi babu hanyar mota zuwa wurin. Daga birnin Anchorage ake shiga jirgi zuwa ƙauyen King Salmon, daga nan a hau ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa ko kwale-kwale mai inji. Wanda ya ji rauni a can, asibiti ya yi masa nisa.

Shi ya sa duk baƙon da ya sauka a sansanin Brooks sai ya zauna ma'aikatan gandun sun karanta masa ƙa'idoji kafin ya taka ko'ina. Ba a matsawa kusa da beyar ƙasa da yadi 50. Ba a yawo da abinci, ko alewa ce, sai ruwan sha zalla, sauran a kulle a ɗakin ajiya. Masu kwana a tanti suna cikin shingen waya mai wutar lantarki. Mai kamun kifi kuwa, idan beyar ta doso shi, sai ya tsinke zaren ya bar kifin ya tafi. Dalilin duk ɗaya ne: ranar da beyar ta gane cewa ana samun abinci a hannun mutum, ta zama haɗari ga duk wanda zai zo bayansa, kuma sau da yawa ƙarshenta harbi ne. Wanda ya ga yadda gwaggon biri ke fizge abincin baƙi a Yankari ya san wannan hali.

Wani zai ce ai tsoron ya yi yawa, tunda dubban mutane na zuwa kowace shekara su koma gida lafiya. Gaskiya ne, amma sun koma lafiya ne a ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji, ba za a ɗauki amfanin doka a mayar da shi hujjar karya ta ba. Wani kuma zai kawo Timothy Treadwell, Ba'amurken da ya yi bazara 13 yana zama cikin beyar a Katmai, yana raɗa musu suna, yana matsawa har ya taɓa su. Labarinsa hujja ce, amma a kan mai kawo ta. A watan Oktoban 2003, lokacin da kifi ya ja baya kuma beyar ke neman abinci ido rufe kafin dogon barcin hunturu, wata ta kashe shi tare da abokiyar tafiyarsa Amie Huguenard a gaɓar Kaflia. Su ne na farko da aka san beyar ta kashe a tarihin gandun, kuma a wajen kwaso gawarsu ma'aikata suka harbe beyar biyu. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Ƙwarewa ma ba ta zama laya: a 1996 beyar ta kashe Michio Hoshino, gogaggen mai ɗaukar hoton namun daji ɗan ƙasar Japan, a bakin tafkin Kurile da ke Kamchatka ta Rasha.

Hukuma ba ta wasa da wannan batu. Wasu mutum uku da suka bar dandalin kallo suka shiga cikin kogin Brooks a 2018, beyar na tsakiyar cin kifi, kotu ta yanke musu ɗaurin 'yan kwanaki da tara a 2022. A ganina an yi musu sassauci.

Ba hana tafiya ake yi ba. Wanda Allah ya hore masa ya je, amma ya tsaya kan dandalin katako da aka gina don kallo, ya riƙa magana da ƙarfi a hanya don kada ya yi wa dabba ba-zata, kada ya shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, in sun haɗu ya ja da baya a hankali ya ba ta hanya. Wanda bai samu hali ba, akwai kyamarorin da ke nuna Brooks Falls kai tsaye a intanet, kyauta.