Gyambon Kwanciya da Jinyar Wanda Jikinsa Ya Shanye

A Hausa akwai ƙurji, akwai miki, akwai kuma gyambo, watau mikin da ya daɗe bai warke ba. Gyambon kwanciya shi ne wanda kan fito wa majinyacin da ba ya iya juyawa da kansa. Nauyin jiki ne kan matse fata da tsoka tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa ratsawa, naman wurin ya mutu. Galibi a tsatso yakan ɓullo, ko kwatangwalo, ko diddige.

Cikin cututtukan da kan kwantar da mutum haka akwai maltiful sikilerosis, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya yi bayaninta a 1868. A cikinta garkuwar jiki ce ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har ƙafafu su mutu, fata ta rage jin zafi, fitsari ya ƙi riƙuwa. Cutar ba ta da yawa a ƙasashe masu zafi. Amma a Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Hausa, shanyewar ɓarin jiki da karayar ƙashin baya sukan kai mutum ga irin wannan kwanciyar, sau da yawa bisa tabarma a kan daɓe, ga kuma gumin bazara.

Maganin farko yana hannun mai jinya. A asibitin Stoke Mandeville na Ingila, daga 1944, likita Ludwig Guttmann ya ɗora wa ma'aikatansa juya majinyata bayan kowace awa biyu, dare da rana, aka kuwa tsirar da rayuka masu yawa. Wannan bai fi ƙarfin gidan talaka ba. A tausasa shimfiɗa, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage diddige, a wanke fitsari nan take a tsane jiki, a ba shi wake da ƙwai da nono.

Lalle ne a riƙa duba fata kullum. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Alamar ita ce wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Kada a murza shi, kada a barbaɗa toka. Idan ya fashe, sai a garzaya Babban Asibitin Rano, domin gyambon da ya kai ga ƙashi yakan ɓata jini, ya kashe wanda ciwonsa na asali bai kashe ba.