Shehun Malami Okoye, Ɗan Nijeriyan Da Ya Saurari Gawar Tauraro

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da dare yana neman tashar Kaduna daga Ikko ko Fatakwal ya san shuuu ɗin nan da ke tsakanin tasha da tasha. Yawancin mutane tsaki suke yi su wuce. To, akwai masanan da suka mai da sauraron irin wannan ƙara sana'arsu, domin kuwa wani ɓangare nata daga sararin samaniya yake zuwa. Ɗaya daga cikinsu ɗan ƙasar nan ne, watau marigayi Shehun Malami Samuel Ejikeme Okoye, wanda ya ji motsin wani mataccen tauraro shekara uku kafin duniya ta san ko mene ne.

An haifi Okoye cikin 1939, kuma ɗan asalin Amawbia ne, cikin Jihar Anambra ta yanzu. Ya sami digirinsa na farko a fannin fiziks a Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1962, da daraja ta ɗaya. Daga nan sai ya wuce Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ya zama almajirin Dokta Antony Hewish. Cikin 1965 ya gama digirin dokta, kuma shi ake lasaftawa baƙar fatar Afirka na farko da ya kai wannan matsayi a ilmin binciken taurari ta hanyar rediyo.

Yadda ake sauraron sama

Wannan ilmi bai tsufa ba a lokacin. Wajen 1932 ne wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, yana neman abin da ke damun wayar iska a zangon da ya kusa mita 15, ya tarar wata ƙara tana fitowa daga tsakiyar gungun taurarin da duniyarmu ke ciki. Daga nan aka gane cewa abubuwan da ke sama ba haske kaɗai suke aikowa ba, har da igiyoyin rediyo. Na'urar kama su kuwa ba madubi ba ce. Wani lokaci katafaren faranti ne na ƙarfe, wani lokaci kuma wayoyi ne a kan turaku, shimfiɗe cikin fili kamar shanyar tufafi.

Dabarar da Hewish ya ƙware a kanta tana da sauƙin fahimta. Mai karatu ya duba sama da dare, zai ga ƙananan taurari suna ƙyaftawa, amma Zara matar wata haskenta a tsaye yake. Dalili shi ne, abin da ya zo wa ido a matsayin ɗigo ɗaya tak, motsin iska yana girgiza haskensa, mai ɗan faɗi kuwa ba ya girgizuwa. Haka abin yake ga rediyo. Akwai wata siririyar iska da rana ke hurowa kullum, wadda ke sa ƙarar ƙaramin abu ta riƙa rawa. Saboda haka in an ji ƙara tana rawa, an san mai yin ta ƙarami ne ainun.

Baƙon tauraro na 1054

Wurin da aka sa Okoye ya saurara yana da tsohon tarihi. Cikin watan Yuli na 1054 masana taurari na ƙasar Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, har ana ganinsa da rana tsaka kwana 23. Wani likitan Bagadaza mai suna Ibn Butlan shi ma ya ba da labarinsa. Tauraro ne ya fashe. Tarkacen da ya bari shi Turawa suke kira Hazon Ƙaguwa, yana nan a sashen sama ɗaya da Kaza Mai 'Ya'ya, kuma haskensa yakan yi tafiyar shekara wajen 6,500 kafin ya iso nan.

Okoye da malaminsa suka saurari wannan hazo a zangon mita 8. Sai suka ji, a cikin ƙarar hazon mai faɗi, akwai wani ɗan ɗigo da ke rawa, ƙarami ƙwarai amma mai ƙarfin gaske. Lissafin da aka saba bayyana ƙarar hazon da shi ya kasa ɗaukar wannan abu. Suka buga sakamakon a mujallar kimiyya ta Nature cikin 1965, suka kuma kawo shawarar cewa mai yiwuwa ragowar tauraron nan ne da ya fashe, bai gama mutuwa ba.

Amsa ta zo daga baya. Hewish ya gina sabuwar na'ura mai faɗin fiye da eka huɗu don farautar masu rawar ƙara. Cikin 1967 wata ɗalibarsa, Jocelyn Bell, ta lura da wani abu da ke bugawa kamar zuciya, sau ɗaya cikin kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi. Wannan shi ne tauraro mai bugu na farko da aka gano, wanda masana suka raɗa wa suna falsa. Kafin 1968 ta ƙare, masana a Amurka suka sami irinsa a cikin Hazon Ƙaguwa, yana bugawa sau 30 a daƙiƙa. Ashe shi ne ɗigon Okoye.

Abin da ke wurin gawar tauraro ce da ta dunƙule. Faɗinta bai wuce mil 12 ko 13 ba, amma ta fi rana nauyi. Tana juyawa kamar katantanwa, tana watsa ƙara ta gefe biyu kamar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora a bakin teku. Duk sa'ad da bakin fitilar ya haska duniya, sai a ji bugu ɗaya. A dogon zangon da Okoye ya yi aiki da shi, bugun yakan cakuɗe a hanya, shi ya sa ya ji ƙarar amma bai ji bugun ba.

Cikin 1974 aka ba Hewish da Martin Ryle kyautar Nobel. Ba a sa sunan Bell ba, abin da ya jawo gardama mai zafi, ba a kuma sa na Okoye ba. Amma a laccar karɓar kyautar, Hewish ya ambaci almajirinsa Okoye da suna, ya ce abin da suka gano tare cikin 1965 shi ne ya zama tauraro mai bugu na Hazon Ƙaguwa.

Komawa gida

Okoye bai zauna Turai ba. Ya dawo ya koyar a Badun, sannan ya koma Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa jami'ar nan mummunar ɓarna, har da ɗakunan gwaje-gwaje da littattafai. Mutumin da ya saba da na'urorin Kambirij ya tarar da kango. Duk da haka cikin 1972 ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya a jami'ar, cikin 1976 kuma ya zama Shehun Malami. Ya shugabanci sashen fiziks da ilmin taurari, ya kuma riƙe jami'ar na ɗan lokaci cikin 1978. Daga baya ya yi aikin jami'in kimiyya a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Landan, kuma a birnin ne ya rasu cikin Nuwamba 2009.

Babban gadon da ya bari a gida mutane ne. Nsukka ta zama matattarar ilmin taurari a Nijeriya. Bayan an kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa cikin 1999, a Nsukka aka ajiye cibiyarta ta wannan fanni, aka ba Shehun Malami Pius Okeke, ɗaya daga cikin mutanen wannan sashe, shugabancinta.

Sai dai kayan aiki ba su bi sawun mutane ba. Da Afirka ta Kudu ta nemi a girka babbar na'urar sauraron sama ta duniya a ƙasarta, ƙasashen Afirka takwas ta jawo a matsayin abokan aiki, har da Ghana da Kenya da Zambiya, amma babu Nijeriya. Cikin 2017 Ghana ta mai da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Ankara, ya zama na'urar sauraron taurari.

Tarihin Okoye ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta yi wa ƙasar nan ƙaranci ba. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati, aka ba shi malami na kirki da kayan aiki, cikin shekara uku ya gano abin da ya shiga littattafan duniya. Irinsa suna nan yau a aji, a Agege da Sabon Badun da Anacha, kamar yadda suke a Kano da Sakkwato. Ko za su sami abin da Okoye ya samu ba tare da sun ƙetare teku ba, wannan ya rage ga hukuma da jami'o'i. Barin yaro ya ci gaba da lissafi da kimiyya maimakon a cire shi a kai shi rumfar kasuwa kuwa, wannan yana hannun iyaye.