Adana Nama Da Kifi A Kwalba: Tafasawa Kaɗai Ba Ta Wadatar Ba A Jos

JOS — Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a tsaunukan Filato, a da ana kai ta Ingila, inda ake shafe cikin gwangwanayen abinci da ita don kada su yi tsatsa. Duk da haka, sana'ar rufe nama a gwangwani ba ta zauna a gidajen Jos ba. Har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, matan garin ba su bar hanyoyin da suka gada ba: kilishi, da dambun nama, da soyayyen naman layya, da bandar kifi.

Tsadar nama da yawan ɗaukewar wutar lantarki, wadda kan mayar da firji tamkar akwatin ajiya, su ne ke sa mai gida ko ƙaramar 'yar kasuwa tunanin dafa nama ko kifi a rufe cikin kwalba domin ya yi watanni. Dabarar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya wallafa ta a 1810, kuma a shekarar ce aka yi wa gwangwani rajista a Ingila.

Sai dai akwai haɗarin da ya kamata a sani kafin a zuba jari. Nama da kifi ba su da tsami, don haka ƙwayar cutar da ake kira Clostridium botulinum tana iya rayuwa a cikinsu idan an toshe iska. Gubar da take fitarwa kan sa mutum ganin abu biyu-biyu, haɗiya ta gagara, daga nan jiki ya shanye har numfashi ya tsaya. Sau da yawa abincin ba ya wari, balle a yi zarginsa.

Irin wannan ƙwaya ba ya mutuwa sai zafi ya kai kimanin digiri 116 a ma'aunin Selshiyas, alhali ruwa a tukunyar gida ba ya wuce digiri 100. A Jos lamarin ya fi haka tsanani. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka ruwa kan tafasa tun yana wajen digiri 96. Komai yawan itacen da aka ƙona, zafin ba zai ƙaru ba. Ruwan ne kawai zai ƙafe.

Mafita ita ce tukunya mai matse tururi wadda aka ƙera musamman domin wannan aiki, mai ma'auni a murfinta. Ƙa'idar Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ita ce minti 75 ga kwalbar nama mai kusan rabin lita, minti 100 ga ta kifi, tare da ƙara matsin tururi a wurare masu tudu irin Jos, Bukuru da Vom. Kwalaben ma sai masu jure zafi, kuma da sabon murfi kowane lokaci.

A nan lissafin ciniki yake sauyawa. Tukunya da kwalabe duk daga waje ake shigo da su, ga kuɗin makamashi, ga rajistar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ga duk mai niyyar sayar da abinci a ƙunshe. Mai kilishi kuwa rana da iskar hunturu ne rabin jarinsa, kuma bushewar naman ita ce ke hana ƙwayar tsirowa. Mai naman layya da ba ta da irin wannan tukunya, gara ta soya shi ya bushe ƙayau, ta riƙa ɗumamawa, da ta rufe shi da romo a kwalbar da aka sha zuma.