Timbaland

Timothy Zachery Mosley (an haife shi ranar 10 ga watan Maris, 1972, a birnin Norfolk na jihar Virginia), wanda aka fi sani da Timbaland, ɗan Amurka ne mai tsara kiɗan pop da hip hop.

Ya yi suna a shekarar 1996 da kundin Aaliyah, One in a Million, sannan ya yi aiki da Missy Elliott da Justin Timberlake. An san shi da gauraya kiɗansa da na Larabawa da Indiyawa. Hakan ya jawo masa shari'a: magajin makaɗin Masar Baligh Hamdi ya maka shi kotu tare da Jay-Z kan waƙar "Big Pimpin'", amma aka kori ƙarar a 2015.