Garin Taba da Sankarar Baki

Da yawa daga cikin jama'armu sun ɗauka cewa illar taba a hayaƙinta take, don haka wanda ke sa garin taba a baki ya tsira. Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu nuna kuskuren wannan zato.

Tun lokacin da ake shanya ganyen taba ana tsima shi, wasu sinadarai da masana ke kira nitirosamin sukan samu a cikinsa. Biyu daga cikinsu, watau NNN da NNK, an tabbatar suna jawo sankara, kuma ba su bukatar wuta. Yawu kaɗai ya isa ya jiƙa su, su ratsa fatar baki daidai inda aka ajiye tabar. Shi ya sa ciwon ya fi fitowa a dasashi, ko cikin kunci, ko bayan leɓen ƙasa.

A nan ya kamata mu tsaya a kan kanwa. A ƙasar Hausa akan haɗa garin taba da kanwa, kamar yadda mutanen Sudan ke haɗa tasu, wadda suke kira tumbak, da atrun. Masu sha sukan ce kanwa ce ke ba taba ƙarfi, kuma gaskiyarsu. Ita ke sakin nikotin ya shiga jini da sauri. Daga nan sabo ya kama mutum, ya riƙa ɗura sabuwa da zarar ya tofar da tsohuwa, har bakin ya yini a jiƙe da dafi. Tumbak kuwa na cikin tabobin da aka auna aka samu nitirosamin mafi yawa a cikinsu.

Binciken da aka buga a 1981 kan matan jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka daɗe ƙwarai suna sa taba a baki, haɗarin sankarar kunci da dasashi ya ninka musu kusan sau 50. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta tabbatar da wannan alaƙa a 2007, a 2012 kuma ta jaddada ta tare da sankarar maƙoshi.

Abin da ya fi damunmu shi ne ciwon yakan fara ba tare da zafi ba: wani farin tabo da ba ya goguwa, ko gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba. Galibi sai a ce zafin ciki ne, a yi ta kurkure baki da jiƙo, ba a zuwa asibiti sai haƙora sun fara girgiɗa ko ƙullutu ya fito a wuya.