Ɓoyayyen abun da ke riƙe da taurari: sama da shekara 90 ana nema

Masana sararin samaniya sun ce duk abun da ido ke gani, rana da wata da taurari da ƙasar da muke takawa, kashi 5 ne kacal cikin 100 na abun da ke cikin sammai. Kusan kashi 27 kuma wani abu ne da ba ya haske, ba ya tare haske, amma yana da nauyi. Da Faransanci ana ce masa matière noire. Mu za mu kira shi ɓoyayyen abu.

To, abun da ba a gani, ta yaya aka san da shi? Ku tuna majajjawar da yara ke korar tsuntsu da ita a gonar hatsi. In ana juya ta da ƙarfi, igiya ce ke riƙe dutsen, in ta tsinke sai ya tafi abunsa. Taurari ma haka suke juyawa cikin manyan garkunansu, igiyar da ke riƙe su kuwa ita ce ƙarfin jan nauyi, wanda ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa.

A 1933, Fritz Zwicky, masani ɗan Suwis da ke aiki a Amurka, ya lura cewa garkunan taurari na wani rukuni mai suna Coma suna gudu fiye da yadda nauyin da ake gani zai iya riƙe su. Ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. A shekarun 1970 sai Vera Rubin da Kent Ford suka auna garken Andromeda da wasu garkuna, suka tarar taurarin gefe suna gudu kusan daidai da na ciki. Da a ce nauyin da ake gani ne kaɗai, da tuni sun watse. Ke nan akwai wani nauyi a ɓoye.

Yanzu ana farautarsa ta hanya uku. A Italiya, ƙarƙashin dutsen Gran Sasso mai kaurin mita 1,400, da kuma cikin tsohon ramin zinariya a Dakota ta Kudu a Amurka, an ajiye tan-tan na ruwan wata iska mai suna zenon, ana jiran ƙwayar ɓoyayyen abun ta buge shi ya yi ɗan walƙiya. An shiga ƙarƙashin ƙasa ne don gudun ƙwayoyin da ke zubowa daga sama su rikita awon. A cibiyar CERN, kan iyakar Faransa da Suwis, ana karo da ƙananan ƙwayoyi cikin zobe mai kewayen kilomita 27, ko za a haifar da shi. Sannan a watan Yulin 2023 Turai ta harba na'urar Euclid don ta zana taswirar inda yake.

Har yau dai ba a kama ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya sa wasu masana, tun daga Mordehai Milgrom a 1983, ke cewa wataƙila lissafin jan nauyin ne ke buƙatar gyara. Mafi yawa ba su yarda ba. In an kama ƙwayar, za a san abun da ya riƙe garken da ranarmu ke ciki. In kuma ba a kama ba, sai a koma a sake duba dokar da aka dogara da ita tun zamanin Newton.