Maiƙo da ƙarancin oksijen a cikin ƙwayar halitta

A cikin wannan ƴar takarda muna son mu duba abin da ke samun maiƙo, wanda ake ce ma lipides da faransanci, lokacin da oksijen ya yi ƙaranci a ƙwayar halitta. An fi sanin labarin sukari: tun 1992, da Gregg Semenza ya gano furotin HIF-1, aka fahimci yadda ƙwaya ke komawa ga farfasa gulukoz ba tare da oksijen ba. Ga ganinmu, batun maiƙo bai samu kulawa haka a cikin darussa ba.

Ƙona maiƙo yana da tsada. Molekil guda na gulukoz oksijen 6 yake bukata, na asid palmitik kuwa 23. Kuma babu wata hanyar samun ƙarfi daga asid na maiƙo in babu oksijen. Saboda haka mitokondiri ke rage ƙona shi.

Sai dai matsalar ba a nan ta fi nauyi ba. Anzim ɗin da ake kira SCD1, mai mayar da asid stearik ya koma asid oleik, ba ya aiki sai da oksijen. Na farko yana daskarewa kamar kitsen rago, na biyu ruwa ne kamar man gujiya. In SCD1 ya tsaya, mai daskarewar ya taru, fatun cikin ƙwaya su yi tauri, abin da ke iya kai ta ga mutuwa. Dabara biyu ke cetonta. Tana jawo maiƙo mai ruwa daga waje, kana tana tara wanda ya yi yawa a cikin ƴan ɗigo-ɗigo. HIF ne ke tayar da furotin HILPDA, shi kuma ya hana anzim ATGL warware wannan ajiya. Wato ɗigon nan, da aka daɗe ana ɗauka rumbu ne kawai, kariya ne.

Sankarar ƙoda mai fararen ƙwayoyi ta nuna wannan a fili. A cikinta furotin VHL, mai rusa HIF, ya lalace, sai ƙwaya ta riƙa aiki kamar ba oksijen alhali kuwa akwai shi. Takan cika da maiƙo da gilikojen, waɗanda ke wankewa wajen shirya nama don madubin likita, shi ya sa ake ganinta fara fat. Aikin VHL da HIF ne ya ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019.